Labarin aikin Yaya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake ya iyali, ya sanyin can? Saƙonka ya shigo, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci.

Ka ce in maka bayanin aikin tiyatar da aka yi wa Yaya tunda a waya bamu samu nutsuwa ba. To ka kwantar da hankalinka, ƙari ne aka cire masa amma ba kansa (ciwon daji) bace, likitan ma yace yawancin irin wannan ƙarin ba kansa bane. Akwai wata 'yar aba a ƙasan ƙwaƙwalwa can ta bayan hanci, fituwitari suke ce mata, bata wuce ƙwayar wake ba amma ita ke juya sinadaran jiki. A nan ƙarin ya fito ya danne jijiyar ido, shi yasa yake ganin gabansa tar amma gefe da gefe babu, in yana tuƙi sai dai kawai yaji ɗan adaidaita ya gifta shi. Anyi ta canja masa gilashi, a gida har an fara zancen sammu, sai da aka yi hoton MRI sannan aka gano.

Wlh ba a fasa masa kai ba ko kaɗan, ta hanci suka zura siririyar kyamara suka ciro abin. Hajiya har yau bata gama yarda anyi aiki ba don bata ga ɗinki ba.

Wahalar kuwa bayan aikin take. Ƙishirwa ta sa shi gaba, yasha ruwa yayi fitsari dare da rana, mu duk mun ɗauka suga ce, ashe sinadarin dake riƙe ruwa a jiki ne ya rikice, suka bashi magani abin ya lafa. Akwai kuma maganin haidurokotison da yake sha kullum, sunce kar ya kuskura ya tsallake. An hana shi fyace hanci da sunkuyawa da ɗaukar kaya mai nauyi, sallah ma a zaune yake yi ba sujada, alwala ba shaƙa ruwa, ga ƙurar hunturun Kano ka santa, in atishawa tazo sai ya buɗe baki. Sun kuma ja mana kunne in muka ga ruwa garau yana ɗiga daga hancin mu koma asibiti nan take, don yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa.

Idon dai Alhamdulillah ya fara buɗewa, amma tuƙi tukunna sai likitan ido ya sake aunawa, kuma kasan halinsa, mukullin motar ma ɓoye shi mukayi.

Ka kira shi bayan isha'i, lokacin yafi sakewa. Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na Kano