Masu Hayar Kayan Sauti, Yawan Wat Ba Shi Ne Ƙarar Wufa Ba

Assalamu alaikum ya Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da ƙannena masu kai kayan sauti wurin biki da walima, nan Gusau da su Ƙaura Namoda.

Ni gyaran rediyo da amfilifaya nake, kuma duk lokacin bukukuwa sai shagona ya cika da wufa, wato manyan sifikun da ke fitar da bes, masu ƙonannen koyil, wato naɗin wayar da ke cikinsu, labarin kuma kullum ɗaya ne. Yaro ya ji bes ɗinsa ba ya dukan ƙirji kamar na wancan DJ ɗin, sai ya saida amfilifaya mai wat 500 ya cika kuɗi ya sayo mai 1000 wai ƙara ta ninka, ya jona ya ji bambancin bai taka kara ya karya ba, sai ya murɗe ta har ƙarshe, jar fitila na ta ƙyafta masa shi ko ko a jikinsa, kafin a kai amarya ƙauri ya tashi.

Malam, lissafin ba haka yake ba. In ka ninka wat, desibel 3 kacal ka ƙara, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarar sauti. Kunne zai ji amma ɗan kaɗan. Kafin mutum ya ce lallai ƙara ta ninka sai an samu wajen desibel 10, wato wat ninki goma, mai 500 ya koma 5000. To wace wufa gare ka da za ta shanye wannan, wane janareto zai ja, ga fetur yadda yake?

Akwai wata lamba a takardar wufa da ba wanda ke dubawa, ita ke faɗin ƙarar da take bayarwa da wat 1 in ka tsaya mita 1 daga gare ta. Wata desibel 91, wata 97. Wannan tazarar ta 6 ba wasa ba ce, mai 91 sai ta ci wat 400 kafin ta kamo abin da mai 97 ke yi da wat 100. Sannan akwatin wufar, kafinta ya buga maka shi da ido kawai, katako siriri, iska na fita ta ko'ina, ka zo kana zagin amfilifaya. Ko jingina wufar kusa da bango ko a lungu yana ƙara bes, kuma kyauta ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwalin da aka rubuta 5000W PMPO da manyan baƙaƙe, ka ɗaga abin da hannu ɗaya kamar kwalin ashana. PMPO lambar talla ce kawai. RMS za ka tambaya, wato wat ɗin da take iya bayarwa a ɗore, ita ce ta gaskiya. Kuma kar a ɗauka babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona wufa, ƙarama ma in ka matsa mata har sauti ya fara dishewa tana dafa koyil sarai. Haka masu haɗa wufa biyu masu om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar wufa ga lantarki) a baki ɗaya na amfilifaya, jar waya da ja, baƙa da baƙa, ya koma om 2, amfilifaya ta ɗau zafi ta ɗauke ana tsakiyar rawa.

Ni dai kuɗin naɗa koyil ina so, amma wallahi na gaji da ganin wufa ɗaya sau uku a wata.

Naku,
Wani mai gyara a Tudun Wada, Gusau.