Jaz ba ya bin lambar da kwamfuta ta rubuta masa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da ƙannena masu saka kiɗa a bukukuwa, daga Nima zuwa Mamobi da Sabon Zango a nan birnin Accra. Shekarata 22 a wannan sana'a, tun muna sungumar akwatin faifai muna cusawa a bayan mota.

Yanzu yaro na buɗe kwamfuta zai tarar manhaja ta rubuta masa abu biyu a gefen kowace waƙa: yawan bugu a minti, da kuma ki, wato gidan muryar da aka gina waƙar a kansa. An jera ki ɗin kamar fuskar agogo, tsarin da ake kira Camelot: 1 zuwa 12, A na maina, wato murya mai sanyi, B na murya mai fara'a da ake kira manja, amma ba na miya ba. In kana kan 8A, ka shiga 7A ko 9A ko 8B, muryoyin ba za su yi karo ba. Ban raina dabarar ba. A amapiano da sauran kiɗan da inji ke buga gangarsu tana aiki sarai, ni ma da ita nake cin abinci.

Sai dai jaz wani abu ne daban. Watan jiya muna walimar aure a Madina, ango ya ce a sa masa jaz mai sanyi lokacin cin abinci. Na bar wa yarona na'ura na je alwala. Ya saka So What ta Miles Davis, wadda ta fito a 1959, manhaja ta ba ta 7A, ya nemo wata 7A ya fara shigo da ita a hankali. Abin da allon bai gaya masa ba shi ne waƙar takan yi gaɓa 16 (kowace gaɓa bugu huɗu) a ki ɗin D, muryar ta ɗan hau sama da rabin mataki zuwa wani ki ta yi gaɓa 8, sannan ta sauko gida. Daidai wurin hawan ya haɗa su. Ina daga bakin famfo na ji kamar an taka wutsiyar kyanwa biyu, har uban amarya ya ɗago kai daga kan tuwonsa. Yaron kuwa sai nuna mini allo yake yi: "Maigida, ai lambarsu ɗaya!"

Haka abin yake a gudun kiɗa. A jaz mutum ne ke buga gangar, in ya ji daɗi ya ƙara wuta, in mai ƙaho ya yi sanyi ya bi shi. Manhaja takan ruɗe ta rubuta 90 a inda bugun yake 180. Take Five ta Dave Brubeck bugu biyar-biyar take tafiya, ka ɗora ta a kan mai huɗu-huɗu ka ga yadda ƙafar masu rawa za ta harɗe. In kuma ka ja gudun faifai da kashi 6 cikin 100 ba ka kulle ki ba, muryar ta hau kusan rabin mataki, lambar da ka dogara da ita ta tashi aiki.

Yanayi kuwa babu lambar da ta san shi. Ina da waƙoƙi biyu duk 5A, ɗaya sai ka tuna mamatanka, ɗaya ko tsohuwa sai ta girgiza kafaɗa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin taron da ya ga Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon jaz na Amurka, a nan Accra a 1956, lokacin da E.T. Mensah, gwanin kiɗan hailaif na Ghana, ya tarbe shi da 'yan ƙahonsa, kuma a hannunsa na koyi jera jaz da tsohon hailaif, babu allo babu lamba.

Shawarata, ku saurari waƙa daga farko har ƙarshe kafin ranar biki, ku rubuta minti nawa take sauya murya. Ku shiga a inda mai ganga ke bugawa shi kaɗai, ko ku bari ta ƙare, ɗan shiru na daƙiƙa biyu bai taɓa korar baƙi ba. Yarona dai tun ranar nan hankici nake rufe masa allon da shi in muna gwaji. Jiya ya gano wurin hawan da kansa.

Naku,
Wani mai saka kiɗa,
Nima, Accra