Yaron da aka aika sayen burodi shi ma mai ciniki ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan yadda ake karɓar jama'a a gidajen burodi da shan kafe da suka yawaita a Maradi cikin ƴan shekarun nan, irin masu gilashi da firigo da kujerun roba a bakin titi.

Ba tsada ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Kowa ya san fulawa daga waje take zuwa mana, kuma da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da suka saba shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso kafin su iso. Mun kuma ga wahalar da masu tanderun lantarki suka sha da sayen gazuwal lokacin da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan shekarar. Idan dogon burodi ya rame, ko an ƙara masa dala 5, wato sefa 25, ba zan tsaya musu da kowa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda bai da alaƙa da iyaka ko buhun fulawa: wa ake fara sallama, wa ake bari a tsaye.

Akwai wani shago a unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi kaɗai ba ne. Burodinsu na da kyau, gaskiya dai gaskiya ce, shi ya sa daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas ba wurin sa ƙafa. Ga ma'aikata masu saurin zuwa biro, ga ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke neman kafe da madara, ga ƴan kabu-kabu da ba su ma kashe babur ba, ga yaran da aka aiko daga gidaje. Layi kuwa babu shi. Kowa miƙa hannu yake ta saman kan na gabansa, mai dogon hannu da babbar murya shi ke fara samu.

Rannan wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba tana tsaye a gabana da rigar lakwal, haɓarta da ƙyar ta kai kanta. Ta dunƙule kuɗinta a hannu har sun yi gumi, tana ta cewa "a ba ni biyu" cikin ƙaramar murya, ba mai ko kallon inda take. Can sai mota ta tsaya a waje, aka danna oda sau ɗaya. Yaron shagon ya ajiye wuƙar da yake tsaga burodi da ita, ya fita a guje, har da rusunawa: "Alhaji barka da asuba, nawa za a sa?" Da ya dawo na ce masa, "Samari, yarinyar nan fa ta riga mu duka zuwa." Ya ce, "Baba ka yi haƙuri, Alhaji sauri yake yi." To ita fa? Ita ce za a tsare a ƙofar makaranta idan ta makara, ita ce kuma za ta sha faɗa a gida a ce ta tsaya wasa a hanya. Gidansu kuwa kullum sai sun saya, damina da rani. In aka tara cinikin irin waɗannan gidaje na wata guda, ban jin na mai motar da ke biyowa jefi-jefi zai kamo shi.

Sai maganar canji. Ka ba da jika, wato dala 200, ka sayi na dala 60, a ce maka "babu canji" kamar kai ka yi laifi. Wani lokaci a cika maka da alewa ko dunƙulen magi da ba ka nema ba, wani lokaci a ce ka dawo anjima, in ka dawo ka tarar wanda ya karɓi kuɗin ya tashi aiki, na wurin kuma ya ce bai san zancen ba. Babba zai iya tsayawa ya kafe. Yaro sai ya koma gida da alewa, a zarge shi da cin canji. Har kwabon nan na sefa 250, wato dala 50, wasu ƙin karɓa suke, alhali babban bankin BCEAO bai janye shi ba. Mai shagon da ya san da safe zai sayar wa ɗaruruwan mutane, me zai hana ya tanadi ƙananan kuɗi tun da yamma?

Ban ɗora wa yaran shagon laifin duka ba. Da yawansu tun tsakar dare suke kan ƙafa wajen kwaɓi da gashi, gari na wayewa kuma a tsayar da su a kanta. Mutum guda ne zai karɓi kuɗi, ya tsaga burodi, ya shafa mayonez, ya zuba ruwan zafi, ya amsa waya. Hannun da ya karɓi tsohuwar takardar dala 100 da ta zaga babbar kasuwa kaf, shi ne zai damƙo maka burodin ba ko leda. Maigidan kuwa ba a ganinsa sai dare, lokacin lissafi. Yaro ya lura cewa in Alhaji ya kai ƙara zai iya rasa aikinsa, in yarinya ta yi kuka ba abin da zai faru, don haka ya zaɓi inda zai tsira.

Abin mamaki, wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a garin nan. A je teburin mai shayi a bakin tasha cikin hunturu a gani. Mutum goma kan benci, buta ɗaya, kaskon ƙwai ɗaya, amma ya san wanda ya fara zama, ya san wanda ba ya shan sukari, ya san wanda zai biya sai ƙarshen wata. Yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi yana cewa, "Malam, kai ne bayan wannan." Wannan ƴar kalma kaɗai ta isa ta zaunar da mutum. Shi bai da gilashi bai da firigo, kuma ban taɓa ganin ya tsallake almajirin da ya zo da kuɗinsa ba don wani ya faka mota.

Na ga shago guda wajen unguwar Zariya da ya gyara abin ba tare da kashe wani kuɗi ba. Sun zaunar da wata baiwar Allah a ƙofa, ita kaɗai ke taɓa kuɗi. Ka biya, ta ba ka ƴar takarda mai lamba, ka je kanta a kira ka. Mai mota ma sai ya fito ko ya aiko direbansa ya karɓi lamba. An yi ta gunaguni da farko, yanzu kowa ya saba.

Edita, cunkoson safe wasa ne idan aka kwatanta da na dab da shan ruwa a watan azumi, lokacin da kowa ke son burodi mai zafi cikin rabin awa guda, kuma yawancin waɗanda ake aikowa yara ne. Ina roƙon ku tura wakilinku ya tsaya a ƙofar biyu ko uku daga cikin shagunan nan da ƙarfe bakwai na safe, ya ga wanda ake fara ba, sannan ya nemi masu shagunan su kansu, ba yaransu ba, ya tambaye su yara nawa suke sawa a kanta da awa nawa kowannensu ke yi a tsaye.

Wassalam.

Mai bibiyarku,
daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi