Wasiƙa Daga Katsina: Bashin Ƙungiya Da Gumin Ɗan Wasa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya Fatakwal da ruwanta? Mu nan hunturu ya sauko da ƙarfi, da safe hasumiyar Gobarau sai ka matso kusa kake ganinta saboda hazo. Ranar Juma'a na je na gaida Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi sosai, ta ce in shaida maka saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.

Saƙon muryar da ka turo mani na saurare shi sau biyu. Ka ce dokar ƙayyade kashe kuɗi ta hukumar ƙwallon Turai zalunci ce, ita ta raba ka da Messi, kuma an yi ta ne don ƙaramar ƙungiya ta dawwama ƙarama. Amsar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na jawo takarda.

Bari mu fara cire Messi daga maganar. Ba UEFA, wato hukumar ƙwallon Turai, ce ta hana Barcelona riƙe shi a watan Agusta na 2021 ba, dokar albashi ta La Liga ce, wadda ke yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta biya 'yan wasa gwargwadon samunta. A watan nan ne Laporta, shugaban Barcelona, ya fito da bakinsa ya ce ana bin ƙungiyar yuro biliyan 1.35. Wanda ya ci bashin nan shi ya kori Messi.

Ita dokar Turai, a 2009 aka amince da ita, zamanin da Platini ke shugabancin UEFA, kuma ba a banza ba. A 2011 kaɗai, asarar ƙungiyoyin manyan gasannin Turai in an haɗa ta kai yuro biliyan 1.7. Abin da mutane da yawa a gidan kallo ba su gane ba shi ne, dokar ba ta haramta cin bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manchester United na ɗauke da bashi mai nauyi tun 2005 da iyalan Glazer suka saye ta da kuɗin rance, amma ba a taɓa hana ta gasa saboda shi ba, don tana biya a kan lokaci. Abu biyu dokar ta sa ido a kai. Na farko, kada asararka ta wuce wani ƙayyadadden adadi cikin 'yan shekaru, kuma kuɗin da ka zuba a filin wasa ko makarantar horar da yara ba a lissafa maka shi cikin asarar. Na biyu, kada lokacin biya ya wuce kana riƙe da haƙƙin ɗan wasa, ko na ma'aikaci, ko na wata ƙungiya, ko haraji. Ku duk a kan na farko kuke hayaniya. Ni na biyun ne ya dame ni.

Ka tuna Malaga? Tare muka kalli wasan nan nasu da Dortmund a 2013, a gidan kallon da ke wajen Ƙofar Ƙaura, daren da aka zura masu ƙwallo biyu bayan cikar minti 90 aka fitar da su a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na Gasar Zakarun Turai. Har ka riƙe kai don tausayi. To, a lokacin da muke kallonsu an riga an yanke masu hukunci tun watan Disamba na 2012. Wani attajiri ɗan Ƙatar ne ya saye su a 2010, ya zuba kuɗi, aka kwaso 'yan wasa, daga baya ya janye hannu. Albashi ya tsaya, aka fara sayar da na kirki, Cazorla ya tafi Arsenal. Sun gama La Liga na shida a kakar, gurbin Kofin Europa nasu ne da ƙafarsu, amma aka ce ba za su shiga ba. Rayo Vallecano da ta yi ta takwas ita ma ba ta samu lasisi ba saboda matsalar kuɗi. Sai gurbi ya gangaro wa Sevilla da ta zo ta tara, kuma ita ce ta je ta ɗauki kofin a 2014 bayan ta doke Benfica a bugun fenariti. Duk lokacin da na tuna wannan, sai in ga hukuncin ya zauna daidai. Wanda ya riƙe haƙƙin mutane ya rasa kujerarsa, wanda takardunsa suka cika ya hau.

Amma ban ce ba ka da gaskiya gaba ɗaya ba. Inda dokar ta ce ka kashe daidai samunka, wanda ya riga ya yi suna shi ya ci riba. Real Madrid da ke sayar da riga har kasuwarmu ta nan, samunta ba ɗaya ba ne da na ƙungiyar da garinta kawai ya san ta, don haka ko attajiri ya zo da niyyar ɗaga ƙaramar, sai a ce mashi ya dakata. Sannan hukuncin ma bai faɗa wa kowa da nauyi ɗaya ba. A 2014 an ci Manchester City da PSG tarar yuro miliyan 60 kowace, kuɗin da bai hana su barci ba. A farkon 2020 aka dakatar da City shekara biyu, ta ɗauki lauyoyi ta tafi kotun wasanni da ke Lausanne, a watan Yuli aka soke dakatarwar, tarar ta sauko daga miliyan 30 zuwa 10. Galatasaray kuwa ta sha dakatarwa a 2016, AC Milan ta rasa Kofin Europa a 2019, Juventus ma aka fitar da ita a 2023. A Ingila, inda a lokacin iyakar asara take fam miliyan 105 cikin shekara uku, Everton aka fara zaftare wa maki 10, da ta ɗaukaka ƙara aka mayar 6. Wannan bambancin yana ci mani rai kamar yadda yake ci maka. Sai dai maganin rashin adalci wajen hukunci ba yaga dokar ba ne. A 2022 ma UEFA ta sake mata fasali: albashi da kuɗin sayen 'yan wasa da na dillalai kada su wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin shiga, aka fara daga 90, sannan 80, don a sauko a hankali.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi. Ɗan yayata, wanda ka sani yana tsaron baya tun yana firamare, wata ƙungiya ta ɗauke shi a wata jiha. Murna muka yi har da walima. Rabin kuɗin sa hannu aka ba shi, aka ce sauran sai an fara gasa. Albashi ya zo wata biyu ya tsaya. Ya buga kakar nan har ƙarshe, yana bin mota kwana da kwanaki zuwa wasan waje, wani lokaci ni ke tura mashi kuɗin abinci. Da gwiwarsa ta samu matsala aka sallame shi ba ko sisi. Ranar da ya dawo ya zauna a zaure ya ce mani, "Kawu, ba ciwon ne ya dame ni ba, kunyar mahaifiyata nake ji." Wallahi ban samu abin ce mashi ba. Yanzu kurkura yake ja. Ƙungiyar kuwa kakar da ta biyo baya sababbin 'yan wasa ta kwaso, ta yi masu irin alƙawarin da ta yi mashi.

Mu da aka karantar da mu a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, bai kamata a ce Turawa ne suka riga mu mayar da wannan sharaɗin shiga gasa ba. Hukumar ƙwallon Afirka tana da tsarin lasisin ƙungiyoyi, kuma a rubuce akwai sharaɗin kada a bi ka bashin da lokacinsa ya wuce. Amma wannan ya fi shafar 'yan ƙalilan da za su fita gasar nahiya. Yaron da ke ƙaramin rukuni, wanda ko kwafin kwantiraginsa ba a ba shi ba, wa zai kai wa kuka? Ga shi yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, ba da kuɗin ƙofa ko na talabijin suke rayuwa ba, sai abin da aka sako daga baitulmali. Dokar kashe daidai samu ba za ta zauna mamu yadda take a Turai ba, na yarda. Amma ta biyun ba ta buƙatar komai sai niyya: kafin a fara kaka, kowace ƙungiya ta kawo shaidar banki cewa ta biya 'yan wasanta da masu horarwa na bara, wadda ta kasa kada a yi mata rajistar ko mutum ɗaya. Da ana yin haka, da yaron nan ya samu abin da zai yi jinyar ƙafarsa da shi.

Akwai alfarmar da nake nema. Ka taɓa ce mani maƙwabcinka likitan ƙashi ne. Zan turo maka hoton gwiwar da aka ɗauka, don Allah ka nuna mashi, mu ji ko aiki za a yi da kuma abin da zai ci. Yaron shekararsa 24, har yanzu da asuba yana fita gudu a hankali, bai cire rai ba.

In ka zo hutun Sallah za mu shiga filin wasa na Karkanda tare da shi in an dace da wasa a gida. Ka gaida iyali, ka shafa mani kan auta.

Wassalam,
Amininka na Katsina