Lauyan da ya san sinadari ma ana buƙatarsa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyayen da ke ganin aikin lauya bai wuce rigimar fili da rabon gado ba.

Ni mai shagon magani ne a Kano, kuma in ka juya kwalayen da ke kantana, yawancinsu Indiya za ka gani a rubuce. Arahar da talaka ke samu a kansu, a kotu aka ƙwato wani ɓangarenta. A 2006 ofishin rajistar ƙirƙira na birnin Chennai a Indiya ya hana kamfanin Novartis haƙƙin mallakar Glivec, maganin sankarar jini. Kamfanin bai haƙura ba, aka yi ta fafatawa har Kotun Ƙolin Indiya, wadda ta yi watsi da ƙararsa ranar 1 ga Afrilu, 2013. Hujjar kotun ita ce sashe na 3(d) na dokarsu ta haƙƙin ƙirƙira: sake wa tsohon sinadari siffa bai isa ba, sai an nuna ya ƙara warkarwa. A lokacin, kuɗin irin maganin da kamfanonin Indiya ke yi bai kai kashi ɗaya cikin goma na Glivec ba.

Anand Grover, lauyan ƙungiyar masu cutar, sai da ya tsaya gaban alƙalai yana bayanin yadda ƙwaya ke narkewa ta shiga jini. Wannan ba aikin wanda ya guje wa ajin kimiyya ba ne.

Mu kuwa a Najeriya dokarmu ta haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ce har yau, kuma Babbar Kotun Tarayya ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Ina kira ga tsangayoyin shari'a na Bayero da Ahmadu Bello su riƙa jawo ɗaliban haɗa magunguna.

Naka,
Wani mai shagon magani, Fagge, Kano