Amsa ga Honorabul mai tambayar nawa aka biya ni

Ranka ya daɗe,

Na ga abin da ka rubuta a Facebook bayan laccar da na yi wa ɗalibai a nan Gombe kan ALMA, na'urar sauraron sararin samaniya da ke ƙasar Chile. Ka ce jama'a na sayen ruwa a jarka ni kuwa ina kallon taurari, sannan ka tambaya nawa Turawa suka ba ni.

Ko sisi. Albashin malamin kimiyya ba ɓoyayye ba ne, ɗalibaina kuma suna nan daga Bolari har Pantami, a tambaye su halina. Mutanen da suka zuba kusan dala biliyan 1.4 wajen gina ALMA ba su da buƙatar ɗan talla a Gombe. Amma na yi maka uzuri. Wanda ya saba sai an miƙa ambulan yake buɗe baki, da wuya ya yarda akwai mai magana kyauta.

Da ka zauna har ƙarshe, da ka ji abin da na faɗa. ALMA farantai 66 ne masu kama sigina daga sararin samaniya, da aka jera a tudun Chajnantor cikin hamadar Atacama, mita 5,000 sama da teku, wato ninki biyu na Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya. An hau can ne saboda tururin ruwan da ke cikin iska yana shanye siginar da ake son kamawa, wurin kuwa a bushe yake ƙamas. Ma'aikata har da oksijin suke hawa. Turai da Amurka da Kanada da Japan da Taiwan suka yi karo-karo, aka buɗe ta a 2013. Chile fili ta bayar, masananta suka samu kashi 10 cikin 100 na lokacin amfani da na'urar. Ghana ma ta gyara tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, ta mai da shi na'urar sauraron sararin samaniya, ta ƙaddamar da shi a 2017. Tambayata ita ce, mu me za mu kawo a sa da mu?

Batun ruwa kuwa, ba ni na yi alƙawarin burtsatse lokacin kamfe ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wanda ya ambaci kimiyya a garin nan sai a ce ɗan kwangila ne. A ɗakin gwajin makarantarmu da alli nake zana madubin hangen nesa a allo, kabad ɗin kayan aiki kuwa tsofaffin rajistoci ne a ciki. Ka zo ranar Litinin ka gani, ba sai ka taho da mai ɗaukar hoto ba.

Naka,
Malamin kimiyya, Gombe