Zuwa ga Abba, a kan jitar da ka saya

Abba,

Ina fata kana lafiya. Ya zafin Gwagwalada? Mu nan Jos sanyi ya fara saukowa, tun la'asar Ummanka ke neman rigar sanyi.

Ƙanwarka ce ta tona maka asiri. Ta nuna mini hotonka rungume da jita, ta ce ba ka so in sani. To, na sani, kuma ba faɗa zan yi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da ta ƙara, wai wata biyu ke nan kana kallon bidiyon masu koyarwa har ƙarfe ɗayan dare, amma har yau babu waƙa ɗaya da za ka iya kaɗawa daga farko zuwa ƙarshe.

Ba ka san wannan ba, ni ma na taɓa riƙe jita ina saurayi, ta aro ce. Malamina kaset ɗaya ne tal. In ji wuri ya wuce ni, in cire kaset ɗin, in zura biro a ramin in juya da hannu don kada batir ya ƙare, in mayar in sake saurara. Wani lokaci sau talatin a kan layi ɗaya. Kai kuwa malamai dubu ne a aljihunka, shi ya sa ka rasa na bi. Mai bin zomo biyu ai ka san yadda yake ƙarewa.

Ka zaɓi malami ɗaya. Na zauna da wayar ƙanwarka na duba, wanda ya kwanta mini shi ne JustinGuitar, na wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Justin Sandercoe, wanda ya buɗe shi tun 2003. Darussan shafin kyauta ne, kuma a jere suke kamar aji, ba tsalle-tsalle. Da kod uku yake farawa, A da D da E. Kod shi ne ka danna wasu wayoyin jita ka kaɗa su tare. Akwai wani atisaye nasa da ya burge ni: ka ɗauki kod biyu, ka sa agogo minti ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka sauya daga wannan zuwa wancan. Rubuta adadin a bayan littafi. Yau za ka yi takwas ka ji haushi, bayan mako biyu ka duba abin da ka rubuta. Masu neman kuɗin wata-wata irin su Fender Play ba laifi gare su, amma ba da kuɗin abincinka ba.

Kafin ka taɓa komai ka saita sautin wayoyin jitar. Shida ne, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. Manhajar GuitarTuna za ta saurara ta nuna maka ko ka ɗaure ko ka sassauta. Amma in ta saita maka ta farko, gwada sauran da kunnenka, sannan ka duba ko ka dace. Ranar da waya ba caji, kunnen ne zai fitar da kai kunya.

Akwai kuma abin da suke kira tab, a shafukan Ultimate Guitar da Songsterr. Layi shida ne, kowane layi waya ɗaya, lambar da ke kai tana gaya maka gurbin da za ka danna a wuyan jitar. Layin sama shi ne siririyar waya, nan ne masu koyo ke juya abin su yi ta mamaki. Ka kuma sani yawancin na Ultimate Guitar mutane ne irinka suka rubuta suka ɗora, akwai kuskure a ciki. In takarda ta ce kaza, kunnenka ya ce a'a, koma ka saurari waƙar. A YouTube kana iya rage gudun bidiyo zuwa 0.75 ko 0.5, ka ga yatsun mutum a hankali. Da na sami wannan a zamanina, da biro ya huta.

Yatsunka za su yi zafi. Kan su zai yi ja, ya yi layi kamar an daɗe da ɗaure shi da zare, sannan ya yi kanta, zafin ya tafi. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar. In zafin ya wuce misali, duba ko wayoyin sun yi nisa da wuyan jitar, ka kai wa mai gyara ya sauke su. Kada kuma ka sa wayar ƙarfe a jitar da aka yi don wayar roba, za ta lanƙwasa mata wuya.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Duk waɗannan shafuka waƙoƙin Turawa za su koya maka, ba za ka sami kiɗan garaya ko na molo a jerinsu ba. Marigayi Ɗan Maraya, da muka rasa a 2015, da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya zaga duniya daga garin nan. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kiɗan mutanensa ya ɗora mata. In ka kai darasin da suke kira pentatonik, wato sauti biyar, ka tsaya a nan ka daɗe, domin yawancin kiɗanmu a kan sauti biyar yake tafiya. Ka nemi tsofaffin faifan makaɗanmu a YouTube, ka rage gudu, ka lalubo su a waya ɗaya ta jitar tukuna. Wannan ba wanda zai rubuta maka tab ɗinsa.

Sharaɗina biyu ne: ba a lokacin salla ba, ba kuma a makon jarrabawa ba. Ka tausaya wa abokan ɗakinka da dare.

In za ka zo hutu ka taho da ita, amma cikin jakarta. Hunturun Jos na busar da katako har ya tsage. Haka na yi da ta mutane, na bar ta jikin taga, sai da na yi wata uku ina biya. Na tura maka ɗan abin sayen sabbin wayoyin jita. Ummanka na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko man shanun da ta ba ka ya ƙare.

Mahaifinka